Jikin yaro ya saki ko ya ƙage: yaya ake gane inda matsalar take?

Sista Rabi ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata ga likitoci da masu gashin ƙashi. A ƙananan asibitoci ana yawan kawo yara iri biyu masu rikitarwa. Na farko, uwa ta ce ɗanta ya kai wata 6 wuyansa bai tsaya ba, jikinsa laƙwas, in an ɗauke shi sai ya nemi sulalewa daga hannu. Na biyu akasin haka: sa masa wando ko wanke masa matse-matsi sai an yi kokawa da cinyoyinsa, hannu a dunƙule kullum, in an goya shi ya banƙare. Dangin na farko su ce rashin abinci ne, na biyu su ce ƙarfi ne da shi. Ciwo ɗaya ne ko biyu? Yaya ake dubawa da hannu kawai? Wanne ake turawa babban asibiti a ranar, wanne zai jira ranar kilinik? Kuma taurin da ke hannun dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye, shi ne irin na yaran nan?

Likitan Yara ya amsa:

Wa alaikumussalam, Sista Rabi. Da sakin da taurin babu wanda yake ciwo a karan kansa. Alama ce, aikinki kuma ki gano daga ina ta taso, kuma tun yaushe.

Tsokar mai lafiya ba ta sakewa gaba ɗaya ko yana hutawa. Ki kama hannun mutum ki ce ya saki jiki, ki lanƙwasa masa gwiwar hannu ki miƙar, za ki ji 'yar turjiya. Wannan shi ne ɗaurin tsoka. A cikin tsoka akwai wasu 'yan zaruruwa da ke ji in an ja ta. Su aika saƙo laka, laka ta dawo da umarnin a tsuke. Ƙwaƙwalwa ce daga sama ke rage ƙarfin wannan umarni. In hanyar da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta samu rauni, babu mai tsawata wa laka, sai tauri. In kuwa raunin yana ƙasa, a ƙwayoyin laka masu tayar da tsoka, ko a jijiyar da ta fita zuwa tsokar, ko a mahaɗarsu, ko a tsokar kanta, sai jiki ya saki.

Jarirai kuma suna da nasu. Wanda ƙwaƙwalwarsa ta samu rauni, misali bayan doguwar naƙuda aka haife shi bai yi kuka ba, yawanci da saki yake farawa. Taurin sai cikin watanni yake bayyana a ƙafafu da hannaye, wuya da gadon baya kuma suna nan a sake. Don haka yaran nan biyu za su iya zama larura ɗaya a matakai biyu, wato raunin ƙwaƙwalwa na yarinta mai shafar motsi, wadda ake rubutawa CP a katin asibiti. A kuma daina ɗaukar tauri a matsayin ƙarfi. Uwa kan yi murna ɗanta ya tsayar da wuya tun yana sati 3, alhali tsokokin bayansa ne ke fizgarsa.

Wajen dubawa, yaro ya kasance a farke, ba kuka yake ba, ba yanzu ya saki nono ba, babu kaya a jikinsa, kansa a tsakiya. In kan ya juya gefe, hannun da fuskar ke kallo zai miƙe ɗayan ya lanƙwashe, ki ɗauka ɓari ɗaya ya fi tauri alhali ba haka ba ne. Bakwaini kuma a rage masa: wanda aka haifa a sati 32, in ya kai wata 6 ki auna shi da ɗan wata 4, har ya shekara 2.

Ki fara da ido. Lafiyayyen jariri yana kwance hannu da ƙafa a lanƙwashe, yana harbe-harbe. Mai saki cinyoyinsa sun baje sun kwanta a shimfiɗa, hannaye a yashe, gashin ƙeya ya goge saboda kwanciya wuri ɗaya. Mai tauri ƙafafu a miƙe, babban yatsa a cusa cikin dunƙulen hannu. Dunƙule hannu kullum bayan wata 4 ba daidai ba ne. Fifita hannu ɗaya kafin shekara 1 ma haka. Ba bahago ba ne, ɗayan hannun ne ke da matsala.

Daga nan ki kama hannayensa biyu ki ja shi a hankali zuwa zama. Sabon jariri kansa kan rage a baya, amma zuwa wata 4 ya kamata kai ya biyo jiki. Ki riƙe shi ta hamata ki ɗaga: mai saki kafaɗunsa su yi sama ya nemi zamewa, mai tauri ƙafafunsa su miƙe su harɗe, yatsu na kallon ƙasa. Ki kifa shi a tafin hannunki: mai saki kai da ƙafafu su zubo. Ki ja hannunsa ki ratsa ƙirji zuwa ɗaya kafaɗar. In gwiwar hannu ta wuce tsakiyar ƙirji babu turjiya a jaririn da ya cika watanninsa, saki ne. Sai ki ɗan lanƙwasa gwiwa, ki tura tafin ƙafa sama da sauri ki riƙe. In ƙafar ta kama kaɗawa tana bugun hannunki ba ta tsaya ba, ko ɓari ɗaya ne kawai ke yi, raunin daga sama ne. Bugu kaɗan da ya tsaya da kansa a sabon jariri ba komai.

In kin tabbatar saki ne, ki lura ko yana iya ɗaga hannu da ƙafa sama da kansa. Wanda matsalarsa ke ƙwaƙwalwa, in ya fusata yana harbi da ƙarfi, in kin bugi ƙasan ƙoƙon gwiwa ƙafar na zabura, amma ba ya bin fuska da ido, barci ya yi masa yawa, ko yana jijjiga, ko kansa bai girma yadda ya kamata ba. Shi ya sa ake auna kai da tef a kowane zuwa. Mafi yawan jarirai masu saki a wannan sahun suke. Ɗayan kuma idonsa tar, yana murmushi yana bin ki da kallo, amma gaɓoɓin da ƙyar suke motsi, gwiwa ba ta zabura, kukansa ba ƙarfi, in ya ja numfashi ciki ya taso ƙirji ya lotsa, harshe na ɗan rawa yana kwance a baki. Wannan ya fi kama da ciwon gado na ƙwayoyin laka da ake rubutawa SMA. Uwa da uba duk lafiyayyu ne amma kowanne na ɗauke da shi, kowane ciki kuma yana da haɗarin 1 cikin 4, don haka ki tambayi ko auren zumunci ne, da ko an taɓa rasa jariri mai irin wannan.

Hajiya Nas ta ɗakin jarirai ta amsa:

Sista, ga wanda ba ya jira. Ki tambayi uwa: haka yake tun asali, ko jiya lafiyarsa ƙalau? Duk saki ko taurin da ya zo cikin awoyi ko kwanaki, a ranar ake tura shi. Wanda aka yi watanni da shi, yaro na ci yana sha, shi ne na ranar kilinik.

Ciwon shawara ne ya fi yi mana ɓarna. Da farko jariri ya yi laƙwas, ya rage kama nono. Bayan kwana ɗaya ko biyu abin ya juye: kuka mai tsini, wuya ya karye baya, gadon baya ya banƙare. In an kai nan shawarar ta riga ta taɓa ƙwaƙwalwa. Ki danna goshi ko hanci da yatsa a hasken rana, ba na fitila ba, ki duba dasashi da farin ido. Rawayar da ta fito cikin awa 24 na farko, ko ta sauko tafin hannu da tafin ƙafa, babban asibiti kai tsaye, inda za a sa shi a fitilar shawara ko a canza masa jini. Shanya shi a hantsi, ruwan gulukos, ɗigon Ampiclox, duk cin lokaci ne. A kuma fitar da kafur daga kayan jariri, domin yara maza da yawa a nan suna da ƙarancin sinadarin G6PD, kafur na fasa musu jini. Waɗanda suka rayu bayan ta taɓa ƙwaƙwalwa su ne kan dawo da jiki mai murɗewa, yanzu tauri anjima saki, ga rashin ji.

Jaririn da ya sha nono lafiya a kwana 2 na farko, sannan tsakanin kwana 3 da 28 baki ya ƙi buɗuwa, jiki ya sandare, ƙara ko haske ko taɓawa su tayar masa da fizga, wannan tetanus ne, sarƙewar haƙora. Ta cibiya ya fi shiga, wani lokaci ta askar wanzami. Kada a ɗura masa komai ta baki, a rage haske da hayaniya, a tura shi. Cibiya man chlorhexidine ake sa mata, ba toka ba, ba man goge baki ba.

Saki tare da zafin jiki 37.5 ko sama, ko sanyi ƙasa da 35.5, ko numfashi 60 a minti ko fiye, ki ɗauka ƙwayar cuta ce a jini. Ki yi allurar farko da littafinku ya tsara, ki auna suga; ƙasa da 2.6 ya faɗi, ki ba shi tataccen nono in yana iya haɗiya, a manna shi a ƙirjin uwa a hanya. Kada ki jira wuyan jariri ya sandare kafin ki yi tunanin sanƙarau, maɗigar da ta kumbura ta ishe ki. Yaro mai sikila kuma da ɓari ɗaya ya saki farat ɗaya, shanyewar ɓarin jiki ce, jini yake buƙata a ranar.

Jami'in Sa Ido ya amsa:

Ƙari a kan maganar Hajiya. Duk yaron da bai kai shekara 15 ba, hannu ko ƙafarsa ta saki farat ɗaya ba buguwa ba, a sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, ko da kina ganin ba shan inna ba ne. Ana ɗaukar bahaya sau biyu, awa 24 aƙalla tsakani, cikin kwana 14 da fara sakin, kowanne kamar giram 8, a akwatin sanyi, zuwa ɗakin gwaji na Ibadan ko Maiduguri. Shan inna na daji rabon Najeriya da shi tun 2016 a Borno, an kuma ayyana Afirka ta rabu da shi a watan Agustan 2020, amma nau'in da ke rikiɗa daga ƙwayar rigakafi yana yawo a inda yara ba su cika rigakafi ba, kuma yana shanye ƙafa kamar wancan.

Shan inna da zazzaɓi yake zuwa, ya fi cin ƙafa ɗaya, yaro na jin taɓawa. In ƙafafu biyu ne daidai, sakin na hawa daga ƙasa zuwa sama, sati 1 zuwa 3 bayan gudawa ko mura, a yi tunanin ciwon jijiyoyi da ake kira Guillain-Barré. Haɗarinsa ya kai tsokokin numfashi, don haka asibitin da ke da injin numfashi ake nema. In tafin ƙafa ɗaya ne ya faɗi jim kaɗan bayan allura a ɗuwawu, allurar ce ta samu babbar jijiya. Ƙananan yara a gaban cinya ta gefen waje ake yi musu. Yaron da ya yi laƙwas bayan doguwar gudawa, ciki ya kumbura, sinadarin fotasiyam ne ya zube. Jariri kuma da ya daina bahaya, tsotsonsa ya raunana, fatar ido ta sauko, a tambayi ko an lasa masa zuma. Ba a ba yaro zuma sai ya shekara.

Malam Fisiyo ya amsa:

Sista Rabi, batun dattijon. E, yawanci iri ɗaya ne da na yaran CP, amma tauri ba ɗaya ba ne, hannunki ne zai raba miki su.

Ki miƙar da gwiwar hannu a hankali, sannan ki sake yi da sauri. In a hankali ta tafi, da sauri kuma ta cije a wani wuri sannan ta saki, kamar wuƙar aljihu in ana naɗe ta, wannan shi ne taurin raunin ƙwaƙwalwa ko laka. Yana da zaɓi: a hannu tsokokin lanƙwasawa yake kamawa, hannu ya manne a ƙirji yatsu su dunƙule, a ƙafa na miƙarwa, ƙafar ta sandare dunduniya ta ƙi taɓa ƙasa, mutum yana jan ta yana zagayo da ita. In kuwa turjiyar ɗaya ce ko a hankali ko da sauri, gaba da baya, wani lokaci tana tafiya tana tsaitsayawa a wuyan hannu, ki kalli mutumin: hannu na rawa yana hutawa, taku gajere, fuska ba motsi? Wannan na ciwon Parkinson ne, ko kuma wani magani ne ya kawo shi. In gaɓar ta kai wani wuri ta tsaya cak, ko yana barci ba ta wucewa, tsokar ce ta gajarce, ta ƙandare. Taurin raunin ƙwaƙwalwa ko laka kuwa yana raguwa a barci, don haka ki sa masu jinya su gwada.

Ana rubuta yawan taurin da ma'aunin Ashworth wanda aka gyara a 1987, ana motsa gaɓar daga farko zuwa ƙarshe cikin kamar daƙiƙa 1. Sifili babu ƙarin tauri. 1 ta ɗan cije a ƙarshe. 1+ ta cije, turjiya kaɗan ta biyo a ƙasa da rabin hanya. 2 turjiya a mafi yawan hanya amma gaɓar na tafiya. 3 da ƙyar. 4 ba ta motsi. Ki rubuta wace tsoka da wane ɓari, in ba haka ba lambar ba ta da amfani ga wanda zai duba bayanki.

Bayan shanyewar ɓarin jiki, kwanakin farko hannun a sake yake, kuma a nan aka fi yin ɓarna. Babu tsokar da ke riƙe kafaɗa, sai a riƙa jan mutum ta wannan hannun ana tayar da shi, kan ƙashin ya sauko daga gurbinsa. Za ki ji rami da yatsa a ƙasan kafaɗar. A ɗaga shi ta gangar jiki. In yana zaune, hannun na kan matashi ko tebur, tafi a buɗe, ƙafafu biyu a dafe a ƙasa. In ya kwanta ta ɓari mai lafiya, hannun mara lafiya na gaba a kan matashi, wani matashin tsakanin gwiwoyi. A juya shi duk awa 2. Taurin cikin makonni yake biyowa.

Miƙarwa a hankali ake yi, a kama kusa da gaɓar, a kai inda ta fara turjiya, a riƙe daƙiƙa 30, sau 3 zuwa 5, safe da yamma. Fizga ƙara tauri take yi, tunda saurin ne ke tayar da shi, kuma tana iya yaga tsoka ko karya ƙashin da ya daɗe bai ɗauki nauyi ba. Ƙwallon da ake sa wa mutum a hannu ya yi ta matsawa, tsokokin da suka riga suka fi ƙarfi yake horarwa. Buɗe hannu ake son ya koya. Gashi da ruwan zafi kuma a ɓarin da ba ya ji sosai ƙuna yake jawowa, ruwa mai ɗumi ya isa, mai jinya ya fara gwadawa a jikinsa.

In tauri ya ƙaru cikin kwana ɗaya ko biyu, kafin a ƙara magani a nemi abin da ya tsokane shi: ciwon fitsari, robar fitsari da ta toshe, rashin bahaya, gyambon kwanciya, farcen da ya shige nama, takalmin roba na riƙe ƙafa da ke matsi, ko sanyin hunturu. Kuma ba kowane tauri ake kashewa ba. Wani da taurin cinyarsa yake tsayuwa ya je banɗaki. In an sassauta shi da magani sai ƙafar ta lanƙwashe.

Yaro mai banƙarewa kada a yi ƙoƙarin lanƙwasa shi ta ƙeya, zai ƙara turawa baya. A fara lanƙwasa ƙugu da gwiwoyi, sauran jikin zai biyo. Goyo da saɓa shi a kwankwaso suna da kyau, domin suna raba cinyoyi. Riga a fara da hannun da ya fi tauri, a cire shi a ƙarshe.

Likitan Ƙashi ya amsa:

Malam Fisiyo, a nan zan ɗan saɓa maka. Miƙarwar daƙiƙa 30 tana sauƙaƙa wanka da sa kaya, tana sa a gane in gaɓa ta fara gajarcewa, amma ita kaɗai ba ta hana ƙandarewa. Yadda gaɓar ke wuni da kwana shi ne ke yanke hukunci, musamman a yaro, wanda ƙashinsa ke tsawo tsokar ba ta bi. Awoyi ake nema: takalmin roba mai riƙe idon sawu, katakon tsayuwa, zama mai kyau. In dunduniya ta riga ta ɗage, ana sa filasta a canza duk sati ana ƙara miƙewa, in ta ƙi sai tiyatar tsawaita jijiyar. Duk takalmin da ya bar ja a fata wanda bai gushe ba bayan minti 20, a mayar a gyara.

Abin da aka fi mantawa ƙugu ne. Yaron CP da ba ya tafiya, tsokokin matse-matsi na jan kan ƙashin cinya a hankali har ya fita daga gurbi, kuma ba ya ciwo sai ya yi nisa. A yi masa hoton ƙugu tun wajen shekara 2, a maimaita duk wata 6 zuwa 12. In ɓangaren kan ƙashin da ya fito daga gurbi ya wuce kashi 30 cikin 100, a kai shi wajen likitan ƙashi. Akwai Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da asibitocin koyarwa, a Yamai kuma asibitin yara na CURE.

Raunin CP ba ya ƙaruwa. Yaron da ya iya zama ko tafiya sannan ya koma baya, wani ciwon ne. Ƙafafu biyu da ke ƙara tauri tare da ciwon baya, rama da ƙusumbi, a nemi tarin fuka na ƙashin baya.

Masanin Magunguna ya amsa:

Ga magungunan tauri, sunayen kamar yadda suke a kwali. Baclofen ga babba ana farawa da miligiram 5 sau 3 a rana, a ƙara a hankali duk bayan kwana 3 ko fiye. Na yara likita ke lissafawa da nauyi. Yana sa barci da kasala, yana taruwa a jikin mai ciwon ƙoda har ya gusar da hankali. Babban haɗarinsa yankewa farat ɗaya, wanda ke faruwa in kuɗi sun ƙare: tauri ya dawo fiye da da, ga jijjiga da gane-gane. A sayi na gaba kafin na hannu ya ƙare, in za a bari a rage cikin sati 1 zuwa 2 aƙalla. Tizanidine da miligiram 2 ake farawa, ana duba hanta, kuma ba a haɗa shi da ciprofloxacin ko kusa. Mutanenmu kuwa da an ce taifot sai sifuro, wato ciprofloxacin ɗin. Haɗin na kayar da awon jini ya kwantar da mutum. Diazepam na taimakawa da dare, amma yana ƙara dalalar miyau da wahalar haɗiya ga yara, jiki kuma na sabawa da shi.

In taurin a tsoka ɗaya ko biyu yake, allurar Botox a cikin tsokar ta fi ƙwayar da ke kwantar da jiki duka. Tana fara aiki cikin kamar sati, ta gushe bayan wata 3 zuwa 4, ba a maimaita ta kafin sati 12. Tana da tsada, kuma in ba a bi ta da gashi da takalmi a watannin nan ba, kuɗin sun tafi a banza. Duk waɗannan ba sa miƙar da gaɓar da ta ƙandare, ba sa kuma yi wa mai Parkinson aiki. Shi levodopa yake buƙata.

Magani da kansa yana kawo tauri. Yaro ko budurwa da aka ba metoclopramide don amai, sai wuya ya murɗe, idanu su kafe sama, harshe ya fito, amma tana ji tana gani. A gida a ce aljanu ne. Ki tambayi abin da aka sha a 'yan kwanakin nan. Ana tsayar da maganin, allura a asibiti na warware shi cikin mintuna. Mai shan maganin taɓin hankali haloperidol ko chlorpromazine da jikinsa ya sandare, ga zafi mai tsanani ga ruɗewa, a tsayar da maganin a kai shi gaggawa.

Sista Rabi ta sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri. Saura mai sakin da ba na gaggawa ba. Iyaye na neman a rubuta musu maganin ƙarfin jiki, wasu sun sayi keken koyon tafiya. Me za a ce musu kafin su samu ganin likita?

Likitan Yara ya amsa:

Babu ƙwaya ko ruwan bitamin da ke ƙara ɗaurin tsoka, Sista. Amma wasu dalilan suna da magani, su za ki fara nema. Shawarar da ta daɗe, babban harshe, kuka mai kauri, ƙarancin bahaya, cibiya a kumbure: a yi gwajin jini na TSH don duba sinadarin maƙoshi. Ƙarancin sinadarin maƙoshi ƙwayar levothyroxine ɗaya a rana ke gyara shi, an fi so a fara cikin sati 2 da haihuwa, kuma jinkiri ƙwaƙwalwa yake ci. Ki auna damtse daga wata 6: ƙasa da santimita 11.5, ko ƙafafu biyu a kumbure, tamowa ce mai tsanani. Wuyan hannu mai faɗi da ƙafafu masu gwame, laushin ƙashi ne, wanda a Najeriya sau da yawa ƙarancin kalsiyam a abinci ke kawowa. Mai kamannin larurar Down syndrome, wadda ake haihuwar yaro da ita, a yi masa hoton zuciya, domin kusan rabinsu na da matsala a nan, a kuma duba masa maƙoshi da ji.

A gida, a riƙa kifa shi yana farke, 'yan mintuna sau da yawa a rana, a naɗe zane a ƙasan ƙirji, uwa ta zauna a gabansa don ya ɗago kai. Barci kuwa a rigingine. A ɗauke shi ta gangar jiki, ba ta hannaye ba. A goyo zane ya kai ƙeya, fuska a gefe, haɓa kada ta faɗi kan ƙirji ta toshe numfashi. Keken koyon tafiya a ajiye shi. Rataye yaron kawai yake yi, ga faɗuwa, mai tauri kuma yana koya masa tafiya a kan yatsu. Wajen ci a ɗaga shi kusan a zaune, a tallafe haɓa, a bar shi a haka minti 20 zuwa 30 bayan ya gama. Ɗura ba ta halatta ga irin wannan yaro. In yana sarƙewa ko tari a kan nono, ko ci ɗaya na wuce minti 30, ko ciwon huhu na dawo masa, abinci na bi ta hanyar iska, a gaggauta masa ganin likita. Ki rubuta takardar turawa ga duk wanda bai riƙe kai ba a wata 4, bai zauna ba a wata 9, ko bai taka ba a wata 18, ki sa awon kai, nauyi, da abin da hannunki ya ji a kowace gaɓa.